Yaushe Ya Kamata a Cire Haƙorin Hankali?

Haƙorin hankali shi ne babban matauni na uku, wanda ke can ƙuryar baki a ƙarshen jerin haƙora. Baligi mai cikakkun haƙora yana da guda 32: na gaba 8, fiƙoƙi 4, ƙananan matauna 8, manyan matauna 12. Huɗu daga cikin manyan nan su ne haƙoran hankali, biyu a sama, biyu a ƙasa, ɗaya a kowace kusurwa. Babban matauni na farko yakan fito yaro yana da kimanin shekara 6, na biyu wajen shekara 12, na uku kuwa sai tsakanin shekara 17 zuwa 25. Binciken da aka yi a Najeriya ya nuna yakan riga wannan lokaci fitowa ga matasan ƙasar, har akan ga ya ɓullo wa ɗan shekara 14 ko 15. Ba kowa ne kuma yake da duka huɗun ba. Kusan mutum ɗaya cikin biyar a duniya an halicce shi babu aƙalla ɗaya daga cikinsu, wannan kuwa ba nakasa ba ce.

Abin da ke jawo wa wannan haƙori matsala shi ne makara. Yana zuwa ne bayan haƙora 28 sun riga sun kama wurarensu, kamar fasinjan da ya iso tasha ya tarar mota ta cika: ko ya sami ɗan gurbi ya zauna daidai, ko ya raɓa a karkace yana danne na kusa da shi, ko ya kasa shiga ɗungurungum. Masana da yawa suna danganta ƙarancin wurin da sauyin abinci. Tauna abu mai tauri tun ana yara tana taimaka wa ƙashin muƙamuƙi ya girma, abinci mai laushi kuwa ba ya sa shi aiki sosai, girman haƙora kuma bai ragu daidai da yadda muƙamuƙi ya ragu ba. Gado ma yana da hannu a ciki.

Yadda haƙorin yake maƙalewa

Idan haƙori ya kasa fitowa ya tsaya a layi ɗaya da 'yan'uwansa saboda ƙashi ko dasashi ko wani haƙori ya tare masa hanya, ana cewa ya maƙale. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana da haƙorin hankali maƙalalle, kuma abin ya fi yawa a muƙamuƙin ƙasa. A 1926 wani likitan haƙori na Amurka mai suna George Winter ya kasa maƙalewar bisa yadda haƙorin ya karkata, har yau kuma da wannan rabo ake aiki. Akwai wanda ya sunkuyo gaba ya dafa kansa a jikin matauni na biyu, shi ne aka fi gani. Akwai wanda ya miƙe tsaye amma ya kasa ƙarasa fitowa. Akwai wanda ya kwanta a gicciye cikin ƙashi, kansa yana tunkuɗar saiwar maƙwabcinsa. Akwai kuma wanda ya jingina baya wajen ƙashin da ya tashi zuwa kunne, wanda a ƙasa yana cikin masu wuyar cirewa. A 1933 wasu likitoci biyu, Pell da Gregory, suka ƙara wani ma'auni, wato zurfin da haƙorin ya nutse a ƙashi da yawan filin da ya rage masa a baya.

Wajen cuta, abin da ya fi karkatar haƙorin muhimmanci shi ne ko haƙorin ya huda dasashi ko bai huda ba. Wanda ke binne cikin ƙashi, babu wata kafa tsakaninsa da cikin baki, ƙwayoyin cuta ba sa kai masa, yakan zauna shekaru bai tayar da hankalin kowa ba. Wanda ya fito sarai ya hau layi, buroshi da asuwaki suna isa gare shi, shi ma haƙori ne kamar kowane haƙori. Mai fitina shi ne na tsakiya, wanda ya leƙo rabi ya tsaya. Dasashi yakan yi masa murfi a kai, a ƙarƙashin murfin nan kuma akwai aljihun da guntun abinci ke shiga ba ya fita.

Ciwon fitowa daban, cuta daban

Lokacin da haƙorin ke huda dasashi mutum yakan ji tsami da ɗan zafi a wurin na 'yan kwanaki, abin ya lafa, ya sake dawowa bayan makonni ko watanni, domin haƙorin ba a tashi ɗaya yake fitowa ba. Wannan kaɗai ba dalilin cirewa ba ne. Kurkure baki da ruwan ɗumi mai gishiri, da tsabtace wurin, da shan farasitamol sukan wadatar.

Haka nan rashin ciwo ba shaidar lafiya ba ce. Haƙorin da ya sunkuyo gaba yana iya ruɓar da maƙwabcinsa shekara da shekaru mai shi bai ji komai ba, sai ranar da ruɓar ta kai ga jijiya. Saboda haka zafi ba shi ne ma'aunin ba. Ma'aunin shi ne ko akwai cuta a haƙorin ko a kewayensa, ko kuwa akwai alama ƙarara cewa tana tafe.

Dalilan da ke sa a cire shi

Na farko, kuma wanda ya fi kai matasa asibiti, shi ne kumburin murfin dasashi. Ƙwayoyin cuta sukan taru a aljihun nan, wurin ya kumbura ya yi ja, baki ya riƙa wari, mutum ya ji ɗanɗano marar daɗi, wani lokaci mugunya ta riƙa tsattsafowa. Idan haƙorin sama yana sauka a kan kumburin duk sa'ad da aka rufe baki, abin sai ya ƙara muni. Ƙa'idar da likitoci da yawa ke bi ita ce, karo na farko idan bai yi tsanani ba, a wanke ƙarƙashin murfin, a koya wa mutum yadda zai tsabtace wurin, a sa ido. Idan ya dawo karo na biyu ko fiye, ko kuwa na farkon ma ya zo da zazzaɓi da kumburin fuska da kasa buɗe baki, to lokacin cirewa ya yi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta yana kwantar da ciwon, amma ba ya rufe aljihun, shi ya sa ciwon yake komowa.

Na biyu shi ne ruɓewar haƙorin kansa. Saboda nisan wurin, gogewa ba ta cika kai masa ba, sai ya yi kogo. Idan kogon ƙarami ne, haƙorin kuma yana tsaye daidai yana taya tauna, ana iya cike shi. Idan ruɓar ta cinye rabinsa, ko ta kai ga jijiya ta tara mugunya a gindin saiwa, ko haƙorin ya fashe, cirewa ta fi sauƙi ta kuma fi amfani, domin saiwoyinsa sau da yawa a murɗe suke, gyaran cikinsu yana da wuya.

Na uku shi ne ɓarnar da yake yi wa matauni na biyu. Wannan dalili ya cancanci a tsaya a kansa, domin matauni na biyu haƙori ne mai daraja, yana cikin waɗanda nauyin tauna ke kansu. Inda kan haƙorin hankali ya dafa jikinsa akan sami wani lungu da abinci ke cushewa, babu buroshin da ke shiga. A hankali bayan matauni na biyu yakan yi kogo daf da dasashi, wurin da ido ba ya gani sai a hoto. Wani lokaci kuma matsin yakan cinye saiwarsa, ko ƙashin da ke riƙe da shi ya zaizaye. Wanda ya yi jinkiri a nan yakan yi asarar haƙora biyu maimakon ɗaya.

Na huɗu shi ne jakar ruwa ko ƙari. Kowane haƙori yana girma ne cikin wata siririyar jaka a ƙashi. Idan bai fito ba, jakar nan a wasu lokuta takan tara ruwa ta riƙa faɗaɗa, tana cin ƙashi ba tare da ciwo ba, har ƙashin ya yi rauni. Akwai kuma wani ƙari da ake kira amelobilastoma, wanda ya fi fitowa a bayan muƙamuƙin ƙasa, sau da yawa tare da haƙorin da bai fito ba. Ba ya cikin ciwon daji mai yaɗuwa a jiki, amma yana cin ƙashi yana kumbura fuska, kuma likitocin tiyatar baki a Najeriya sun san shi sosai, domin masu shi kan zo asibiti bayan ya girma. Waɗannan ba su da yawa idan aka kwatanta da sauran dalilai, amma kumburin muƙamuƙi mai tauri da ke ƙaruwa a hankali abu ne da ake kai wa likita ko da ba ya zafi.

Na biyar shi ne idan haƙorin zai kawo cikas ga wani magani. Misali, idan muƙamuƙi ya karye ta daidai inda yake, ko za a yi tiyatar gyaran muƙamuƙi, ko yana cikin wurin da za a yanke ƙari. Haka wanda za a ƙona wa ciwon daji na kai ko wuya da na'urar haske, ko za a yi wa dashen wata gaɓa kamar ƙoda, ko zai fara shan wasu magungunan ƙarfafa ƙashi. Irin waɗannan akan duba bakinsu tun kafin a fara, a cire haƙorin da ake zargi, domin bayan an fara ƙashi ba ya warkewa da sauƙi, jiki kuma ba ya iya yaƙar cuta kamar da.

Akwai kuma haƙorin sama da ya rasa abokin karo a ƙasa, ya yi ta zubowa har yana gurzar kunci ko yana cizon dasashin ƙasa. Cire shi yawanci aiki ne mai sauƙi.

Alamomin da ba a kwana da su

Ciwon haƙorin hankali na ƙasa yana iya zama barazana ga rai, saboda saiwoyinsa suna kusa da sararin da ke ƙarƙashin harshe da gefen maƙogwaro. Mugunya idan ta fasa ƙashi ta shiga nan takan bazu da sauri. Mafi munin wannan shi ne ciwon da likitan Jamus Wilhelm Friedrich von Ludwig ya bayyana a 1836, wanda ake kira da sunansa: ƙarƙashin haɓa ya kumbura ya yi tauri ta gefe biyu, harshe ya ɗago sama ya koma baya, hanyar numfashi ta matse. Masu ciwon sukari da ba su kula da shi, da masu raunin garkuwar jiki, sun fi shiga wannan haɗari.

Lafiyayyen baki yana buɗewa ya ɗauki yatsu uku a jere tsakanin haƙoran gaba. Idan ya koma yatsa ɗaya, ko kumburi ya gangaro wuya ko ya haura wajen ido, ko haɗiye yawu ya gagara, ko murya ta sauya, ko zazzaɓi mai zafi ya rufe mutum, ko numfashi ya fara wuya, to asibiti ake nufa a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne.

A nan ne al'adar jinkiri take cutarwa. A ƙasar Hausa mai ciwon haƙori yakan fara da kanumfari, ya wuce kemis ya sayi amoksisilin da Flagyl, ya sha na kwana biyu ya ajiye da zarar zafi ya sauka. Kanumfari yana rage zafi da gaske, saboda man da ke cikinsa yana kashe jin ciwo na ɗan lokaci, amma ba ya taɓa tushen cutar. Ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi ƙona shi take yi, ɗiga ruwan batir ko fetur a kogo kuwa ƙara rauni ne a kan rauni. Babu kuma wata tsutsa a cikin haƙori da hayaƙi zai fitar. Ƙwayoyin cuta ne ke sarrafa sukarin abinci su mai da shi tsami, tsamin ya narkar da haƙori.

Wanda ake ƙyalewa

Haƙorin hankalin da ya fito daidai, yana da abokin karo, ana iya goge shi, ba a taɓa shi. Inda masana suka yi saɓani shi ne a kan maƙalallen da ba ya ciwo kuma babu cuta a tare da shi.

A Amurka an daɗe ana cire irin waɗannan tun ana samartaka, bisa hujjar cewa rigakafi ya fi magani. A 2007 wani likitan haƙori, Jay Friedman, ya ƙiyasta cewa ana cire haƙoran hankali miliyan 10 daga bakin mutum miliyan 5 duk shekara a ƙasar, yana kuma ganin aƙalla kashi biyu cikin uku ba su da dalili. A 2008 ƙungiyar kula da lafiyar al'umma ta Amurka ta fito ta yi adawa da cirewar rigakafi, ko da yake ƙungiyar likitocin tiyatar baki ta ƙasar tana jaddada cewa da yawa daga cikin haƙoran da ba sa ciwo suna ɗauke da cuta a ɓoye.

A Ingila hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin magani, ta yanke a shekarar 2000 cewa a daina cire maƙalallen haƙorin da ba shi da cuta a asibitocin gwamnati. Bayan shekaru sai likitoci suka lura cewa masu zuwa cirewa sun ƙara manyanta, ruɓewar matauni na biyu kuma ta ƙaru a cikin dalilan zuwansu. Shi ya sa jagorar da kwalejin likitocin tiyata ta Ingila ta fitar a 2020 ta buɗe ƙofar a duba yiwuwar cire wanda ya leƙo rabi yana sunkuye ko yana kwance, tun kafin ya yi ɓarna. Nazarin da cibiyar Cochrane ta sabunta a 2020, wanda ya tattara binciken da aka yi a kan batun, ya kammala da cewa hujjar da ke hannu ba ta isa a yanke wa kowa hukunci ɗaya ba.

Abin da ya fito daga wannan muhawara shi ne, ƙyalewa tana tafiya da sa ido. Wanda aka bar masa maƙalallen haƙori yana bukatar likita ya riƙa duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara, a ɗauki hoto idan da hali.

Akwai kuma dalilin da ba a karɓa, wato tsoron cewa haƙorin hankali zai tunkuɗo sauran ya cunkushe haƙoran gaba. Wani gwaji da aka wallafa a Ingila a 1998 ya kwatanta waɗanda aka cire wa da waɗanda aka bar wa, bambancin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Haƙoran gaba na ƙasa sukan ɗan cunkushe da shekaru ko da mutum ba shi da haƙorin hankali.

Abin da likita ke aunawa

Likita yakan fara da tarihin ciwon, sannan ya duba bakin, ya auna zurfin aljihun dasashi, ya nemi hoto. Hoton da ya fi amfani shi ne mai nuna muƙamuƙi gaba ɗaya daga kunne zuwa kunne, domin a nan ake ganin karkatar haƙorin, da siffar saiwoyinsa, da kusancinsu da jijiyar da ke ratsa ƙashin ƙasa. Sassan tiyatar baki da fuska na manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano a Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, su ne akan tura wa aikin da ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti.

Shekaru suna da tasiri. Tsakanin 17 zuwa 25 saiwa ba ta gama tsawo ba, ƙashi yana da ɗan laushi, rauni yana saurin warkewa. Bayan haka aikin yakan ƙara wuya, matsaloli su ƙaru. Wannan ba ya nufin a cire wa kowane saurayi da budurwa, yana nufin wanda dalilinsa ya tabbata kada ya ja lokaci.

Lafiyar jiki ma ana duba ta. Mai ciwon sukari ko hawan jini sai an daidaita masa su tukuna. Mai sikila, da mai cutar rashin daskarewar jini, da mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, dole su faɗa wa likita kafin a fara. Mai juna biyu, idan aikin ba zai jira haihuwa ba, an fi son a yi shi tsakanin wata na huɗu zuwa na shida, amma ciwo mai mugunya ba a barin sa saboda ciki.

Haɗarin da ke cikin cirewa

Yawancin aikin da allurar kashe zafi ake yin sa, mutum yana farke, ya koma gida a ranar. Idan haƙorin a binne yake sai an tsaga dasashi, a ɗan rage ƙashi, a raba haƙorin gida biyu ko uku, sannan a ɗinke. Kumburi yakan kai maƙura a kwana na biyu zuwa na uku, ya sauka cikin mako guda.

Matsalar da aka fi gani ita ce bushewar gurbi. Gudan jinin da ya kamata ya toshe ramin yakan narke ko ya fita, ƙashi ya zauna a buɗe, sai zafi mai tsanani ya taso bayan kwana 2 zuwa 4, yana harbawa har kunne. Masu shan taba da mata masu shan ƙwayar tazarar haihuwa sun fi gamuwa da ita. Likita yakan wanke ramin ya sa magani, ya warke.

Wadda ta fi nauyi ita ce taɓa jijiya. Jijiya ɗaya tana bi ta cikin ƙashin ƙasa tana kai ji ga leɓen ƙasa da haɓa, wata kuma tana bi ta gefen harshe. Idan aka taɓa su wurin yakan mutu, mutum ya daina jin taɓi. Wannan yana samun mutum kaɗan cikin 100, galibi kuma yana warwarewa cikin makonni ko watanni. Wanda ke zama dindindin bai kai 1 cikin 100 ba. Idan hoto ya nuna saiwa ta rungumi jijiyar, akwai dabarar yanke kan haƙorin kawai a bar saiwar a ƙashi. A sama kuma, saiwa tana iya kusantar kogon iska da ke gefen hanci, cirewa ta bar ƙaramar kafa da za a rufe. Maganar da ake yi cewa cire haƙorin sama yana rage gani ba ta da tushe, domin jijiyar gani daban take da ta haƙora.

Waɗannan haɗura su ne suka sa ba a cire haƙorin don kawai an gan shi a hoto, su ne kuma suka sa ba aikin mai cire haƙori a kasuwa ba ne. Saiwar da ta karye a ƙashi, da jinin da ya ƙi tsayawa, da cututtukan da kayan aiki marasa tsabta ke yaɗawa irin su ciwon hanta, duk sun fi kuɗin asibiti tsada.

Bayan an cire

Mutum zai cije audugar da aka sa masa na kimanin minti 30. A sa'o'i 24 na farko ba a kurkure baki, ba a yawan tofar da yawu, ba a zuƙar abin sha da tsinke, ba a cin abu mai zafi, domin kada gudan jinin ya fita. Daga rana ta biyu sai a riƙa kurkurewa a hankali da ruwan ɗumi mai gishiri bayan kowane cin abinci. Kunu da koko da suka huce, da fura, da tuwo mai laushi sun dace. Kilishi, da aya, da rake, da goro, da gyaɗa sai ramin ya rufe. Taba da shisha a ajiye su aƙalla na kwana uku, mako guda ya fi. Jinin da ya ƙi tsayawa, ko zafin da ke ƙaruwa bayan kwana uku, ko zazzaɓi, dalili ne na komawa asibiti.

Hukuncin dai a taƙaice shi ne: haƙorin hankali mai lafiya a bar shi a riƙa goge shi, maƙalalle marar cuta a sa masa ido, wanda ya kumbura dasashi fiye da sau ɗaya, ko ya ruɓe ƙwarai, ko yake ɓata maƙwabcinsa, ko ya tara ruwa a ƙashi, a cire shi ba tare da jinkiri ba. Sanin rukunin da haƙori ya faɗa kuwa sai an duba an ɗauki hoto. Don haka ya dace duk matashin da ya kai shekara 16 zuwa 20 ya je likitan haƙori ya duba masa ƙuryar bakinsa sau ɗaya, ko yana jin ciwo ko ba ya ji.